Ƙunar da ta biyo bayan gyara: nazarin lamarin wata na'urar leza ta cire gashi

Lamarin da za a bi a nan na koyarwa ne. An gina shi a kan irin abin da ke faruwa a wuraren da ake cire gashi da leza, ba a kan wani asibiti guda mai suna ba, kuma an zaɓi alƙaluman cikinsa yadda mai karatu zai iya bin lissafin da kansa. Tambayar da ke ƙarƙashinsa ɗaya ce: idan allon na'ura ya nuna 50, mene ne ainihin abin da ya sauka a fatar mutum, kuma wa ya auna?

Asibitin da na'urarsa

Ƙaramin asibitin fata ne, mai likita ɗaya da nas biyu, kuma nas ɗin nan biyu su ne ke riƙe da na'urar kullum. Na'urar irin wadda ake kira Nd:YAG ce, mai fitar da haske a zangon nanomita 1064 (nanomita shi ne ma'aunin da ake bambanta irin haske da shi), hasken da ido ba ya gani. Da gangan aka zaɓe ta, domin akasarin masu zuwa wurin masu duhun fata ne, aji na biyar da na shida, wato mafiya duhu, a ma'aunin launin fata da likitan fata Thomas Fitzpatrick ya fara tsarawa a 1975.

Dalilin zaɓin yana cikin asalin yadda aikin yake. A 1983 Rox Anderson da John Parrish, masu bincike a babban asibitin Massachusetts da ke Boston, suka bayyana a mujallar Science cewa ana iya ƙona wani ƙaramin abu a cikin fata ba tare da an cutar da abin da ke kewaye da shi ba, muddin an cika sharuɗɗa uku: a zaɓi hasken da abin ya fi sha, a ba shi isasshen ƙarfi, kuma a gama harbin kafin zafin ya yaɗu. A 1996 Melanie Grossman da abokan aikinta suka nuna haka a kan gashin mutum da lezar rubi mai nanomita 694. Abin da ke shan hasken a jikin gashi shi ne melanin, sinadarin da ke ba shi baƙinsa. Gashi ya yi zafi, zafin ya lalata saiwar. Sai dai melanin ɗin nan shi ne kuma ke ba fata launinta, kuma dole haske ya ratsa saman fata kafin ya kai ga saiwa. Hasken lezar rubi da na lezar alekzandarait mai nanomita 755 melanin na shansu sosai, don haka a fata mai duhu saman fata ke fara kwasar zafin. Lezar dayod mai 800 zuwa 810 tana tsakiya. Hasken Nd:YAG ne melanin ya fi ƙarancin sha, kuma ya fi nutsewa ciki, shi ya sa ya fi aminci ga baƙar fata. Amma tunda gashin ma ba ya shansa sosai, sai an ƙara masa ƙarfi, kuma tazarar da ke tsakanin ƙarfin da ke kashe saiwa da wanda ke ƙona fata ba ta da faɗi.

Abu huɗu mai aiki ke saitawa kafin ya danna. Na farko nauyin haske, wato jul (ma'aunin ƙarfin hasken) nawa zai sauka a kan kowace santimita murabba'i ta fata, kuma wannan ce lambar da kowa ke kallo a allo. Sai tsawon harbi, wanda ake lissafawa da milisakan (ɗaya cikin dubu na sakan), ana tsawaita shi ga mai duhun fata domin saman fata ya sami damar zubar da zafi. Sai faɗin da'irar hasken, a nan milimita 10. Sai sanyaya, wanda a wannan na'ura feshi ne na wata iska mai tafasa a kusan digiri 26 ƙasa da sifili, ana fesa ta na ɗan ƙiftawar ido kafin haske ya fita.

Akwai wani abu game da ƙirar na'urar da babu wanda ya taɓa yi wa nas ɗin bayaninsa, kuma a kansa lamarin ya rataya. Ana haifar da hasken ne a cikin akwatin na'urar, inda fitilun walƙiya ke zuga wani sandan kiristal. Daga nan ya bi ta igiyar haske mai tsawo, ya shiga mariƙin da ke hannun mai aiki, ya ratsa lensuna, ya fita ta wani ɗan gilashin kariya da ke bakin mariƙin. Mitar da na'urar ke auna kanta da ita tana cikin akwatin, kafin igiya. Tana ɗibar ɗan kaɗan daga hasken, ta auna, idan ya ragu ta ƙara wa fitilun wuta. Duk abin da ya salwanta bayan wannan wurin, a igiya ko a lensi ko a gilashin baki, ba ta da labarinsa. Lambar da ke allo shaida ce a kan abin da ya bar akwati, da kuma zaton cewa hanya tana nan lafiya yadda aka bar ta ranar da aka saita.

Yadda lambar ta yi ta hawa

Mai jinyar da lamarin ya faɗa a kanta mace ce mai shekara talatin da 'yan kai, fatarta aji na biyar, tana da gashi mai kauri a haɓa da wuya, ga ƙurajen aski da suka addabe ta. A zamanta na farko an yi mata gwaji a ɗan wuri, aka tsaya a kan jul 35, milisakan 30, da'irar milimita 10. Fata ta nuna alamar da ake so: ɗan ja da ɗan kumburi a gindin kowane gashi, da ƙaurin gashin da ya babbake, babu sauyin launi a fatar kanta. Aka rubuta a fayil, ta tafi.

Gashin fuska ana dawo masa ne duk bayan mako huɗu zuwa shida, domin leza ta fi kama gashin da ke cikin zangon girma, kuma ba dukkansa ke wannan zangon a lokaci ɗaya ba. A zaman da suka biyo baya nas ta lura kumburin gindin gashi ba ya fitowa a kan 35. Ta ɗaga zuwa 38, ya fito. Wani zuwan sai 42. Daga baya 45, har aka kai 50. Kuma ba ga wannan matar kaɗai ba: duk fayilolin asibitin sun nuna irin wannan hawan a cikin watannin nan, har ta kai sababbin masu zuwa ma ana fara musu daga sama da 40, saboda an ga ƙasa da haka ba ya yin komai.

Ba zan ɗora wa nas laifin wannan hawan ba, domin abin da aka koya mata ke nan, kuma koyarwar daidai ce. Yayin da ake ta yi wa mutum aiki, gashin da ya rage yana ƙara siranta, launinsa yana raguwa, don haka yana buƙatar ƙarin ƙarfi. Ɗaga lamba sannu a hankali daga zama zuwa zama abu ne da aka saba. Nan ne gizo ke saƙar: lalacewar na'ura da ci gaban magani kamanninsu ɗaya a takarda. Abin da ya kamata ya tayar da hankali shi ne sababbin masu zuwa. Mutumin da ba a taɓa yi masa aiki ba, gashinsa na nan da kaurinsa, babu dalilin da zai sa ya buƙaci fiye da abin da irinsa ya buƙata bara. Amma sai wanda ya jera fayiloli ya kwatanta zai ga haka, kuma babu wanda aka ɗora wa wannan aikin.

Abin da ya sa aka kira injiniya ma ba wannan ba ne. Ɗigon jan hasken da ke nuna inda za a harba ne ya dusashe, gefensa ya yi yage-yage. Tunda hanya ɗaya yake bi da hasken aiki, duk abin da ya same shi ya sami wancan. Injiniya ya zo da yamma bayan an tashi, ya tarar da bakin igiyar ya ƙone, lensi ɗaya ya yi ɗigo-ɗigo, gilashin baki kuma ya yi tabon toka da ba ya goguwa. Ya sauya su duka, ya auna, ya cike rahotonsa mai shafi biyu, ya bar shi a teburin karɓar baƙi. Da safe aka sa shi a fayil ɗin na'ura, aka ce wa nas, "An gyara."

Ranar da abin ya faru

Matar nan ita ce ta biyu a layi. Nas ta buɗe fayil, ta ga 50 a zaman ƙarshe, da bayanin cewa babu matsala, sai ta saita 50. Tun harbin farko matar ta zabura, ta ce yau zafin ya fi na kullum. Nas ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, haɓa dama ta fi ko'ina ciwo, yanzu za mu gama." Ta ci gaba. Ta yi layi biyu a ƙasan haɓa kafin ta ga wasu wuraren sun yi launin toka-toka, sai ta tsaya, ta ɗora sanyi, ta kira likita.

Kafin dare bororo ya tashi a wuraren. Likita ta kula da shi yadda ake kula da ƙuna marar zurfi: sanyaya, man da ke hana bushewa, hana fasa bororon, da kare wurin daga rana. Ɓawo ya fita ya faɗi cikin mako biyu, amma ya bar da'irori masu duhu, biyu daga ciki kuma suka yi haske fiye da sauran fata. Duhun da ke bin bayan ƙuna a baƙar fata yakan ɗauki watanni kafin ya washe, hasken kuma yakan fi shi daɗewa. Wadda ta riga ta shiga da safen, an yi mata aiki a ƙafa da lamba mafi ƙanƙanta, ta tsira da ja kawai na kwana biyu.

Binciken

Likita ta rufe na'urar a ranar, kuma ta fara daga inda aka saba farawa, wato daga mai jinya. Ko ta sha rana a 'yan kwanakin nan har fata ta ƙara duhu? A'a. Ko ta fara wani sabon magani mai sa fata ta kasa jure haske, ko wani man shafawa mai sauya launi ko sirantar da fata? A'a. An aske gashin kafin a fara? An aske, don haka ba dogon gashi ne ya kwanta a kan fata ya ƙone ta ba.

Daga nan ta duba siffar ƙunar, wadda ita ce shaidar da ta fi kowace magana. Idan feshin sanyi ya kauce, ko aka karkatar da mariƙi, gefe ɗaya na da'irar ne ke rasa sanyi, sai ƙunar ta fito kamar jinjirin wata. Idan harbi ne ya hau kan harbi, ƙunar tana fitowa siririya a mahaɗar da'irori biyu. Idan hasken ne ya taru a wuri ɗaya saboda lahani a igiya ko lensi, sai a ga ƙananan ɗigo masu zurfi a cikin da'irar. Ta matar nan cikakkiyar da'ira ce, faɗinta daidai da milimita 10, ko'ina ya ƙone daidai wa daida. Wannan na nuna cewa haske mai kyau ne, shimfiɗaɗɗe, ya sauka inda ya kamata, sai dai ya yi yawa.

An gwada feshin a kan takarda, ya rufe da'irar tsaf. An duba sandar tazara da ke bakin mariƙi, wadda ke tsayar da shi a nisan da ya dace da fata, ba ta lanƙwashe ba. Wannan duban ba ƙarami ba ne, domin a mariƙin da faɗin da'irarsa ya dogara da nisa, da'irar da ta tsuke daga milimita 10 zuwa 9 tana ƙara nauyin haske da kusan kashi 23 cikin ɗari, alhali allo bai motsa ba. Ƙarfin ɗaya ne, filin da ya sauka ne ya ragu.

Sai aka kira injiniya a waya. Likita ta tambaye shi ko ya ƙara wa na'urar ƙarfi. Ya ce, "Likita, ban ƙara mata komai ba, na mayar da ita yadda take ne. Ki duba shafi na biyu, na rubuta abin da na tarar da abin da na bari."

Ga abin da ke shafi na biyu. Da'irar milimita 10 filinta santimita murabba'i 0.785 ne. Idan allo ya ce 50, ya kamata mitar da aka tara a bakin mariƙi ta karanta kusan jul 39. Kafin gyara ta karanta 27.5. Raba wannan da 0.785, ka sami 35. Wato duk watannin nan da nas ke hawa daga 35 zuwa 50, ba gaba take yi ba, bin na'urar take tana cike giɓin da ta bari, fata kuma tana karɓar kusan abin da ta saba karɓa tun ranar farko. Bayan gyara mitar ta karanta 39. A karon farko, 50 ta zama 50.

A lura da yadda lissafin ke juyawa, domin yana ruɗar mutane da yawa. Na'urar ta yi asarar kashi 30 cikin ɗari. Amma da aka dawo da ita, abin da fata ta ji ba ƙarin kashi 30 ba ne, daga 35 zuwa 50 ƙarin kusan kashi 43 ne, kuma a dare ɗaya. Babu likitan da zai yarda a yi wa mai fata aji na biyar irin wannan tsallen da saninsa.

Ina laifin yake

Da farko kowa ya nuna wani. A ganina injiniya ya yi aikinsa na hannu daidai, har ya yi abin da wasu ba sa yi, wato auna na'ura kafin ya taɓa ta. Ba don wannan awon ba, da har yau ana ta zato. Amma wanda ya ga bambancin kashi 30 ya san abin da zai biyo baya da safe, kuma wannan magana ce ta baki da baki, ko takarda manne a jikin allo, ba ta shafi na biyu ba. Nas kuma kuskurenta ɗaya ne, kuma babba: mai jinyar da ta saba da aikin ta ce yau ya bambanta, aka lallashe ta maimakon a tsaya. Wanda aka yi wa aiki sau da yawa a wuri ɗaya ya san zafinsa na kullum, kuma a ranar nan fatarta ce kaɗai mitar da ke ɗakin.

Duk da haka, da an sauya nas ko injiniya, abin zai iya sake faruwa, domin asibitin ba shi da wata hanya ta sanin abin da ke fita daga bakin mariƙi tsakanin zuwan injiniya da zuwansa na gaba. Kamar mai awo ne da sikelinsa ya yi sanyi a hankali, yana ta ƙara kaya har ya saba, ranar da aka gyara sikelin bai sani ba ya ci gaba da zubawa yadda hannunsa ya saba. Kuma kada a manta da watannin raunin kansu, ko da yake ba su ƙona kowa ba. Duk wanda aka yi wa aiki kafin nas ta ɗaga lamba ya sami ƙasa da abin da ake nufi. Ƙarancin ƙarfi ba ɓata lokaci kaɗai yake yi ba: akwai matsalar da likitocin fata suka sani, inda gashi ke ƙaruwa a wurin da aka yi aiki ko a gefensa maimakon ya ragu, an fi ganinta a fuska da wuya, kuma ana danganta ta da hasken da ya ɗumama saiwa bai kashe ta ba.

Abin da saita na'ura ke nufi a aikace

Mutane da yawa suna ɗauka cewa idan na'ura ta gama gwajin kanta da safe ta nuna a shirye take, to an saita ta. Gwajin nan yana da amfani, amma na'ura ce ke shaidar kanta. Saitin gaskiya yana buƙatar mita daga waje, wadda ba ta da alaƙa da na'urar, a tara ta a daidai inda fata za ta kasance. Kamfanoni irin su Ophir da Coherent da Gentec suna ƙera irin waɗannan mitoci, kuma dole kan mitar ya zama wanda aka yi don wannan zangon haske da wannan ƙarfin, in ba haka ba ko ya ƙone ko ya yi ƙarya. Ita ma mitar ana aika ta a saita ta lokaci lokaci, akasari duk shekara, a kan ma'aunin da ke komawa ga wata hukumar awo ta ƙasa, irin NIST ta Amurka.

Ana barin na'ura ta ɗumama tukuna. Ana kashe feshin sanyi don kada ya sauka a kan mita. Kowa a ɗakin ya sa tabarau na wannan zangon, domin lezar cire gashi tana aji na huɗu, mafi haɗari a rabon lezoji, kuma hasken 1064 yana kaiwa ga tantanin gani da ke can cikin ido ba tare da mutum ya ko ƙifta ba. Tabarau na alekzandarait ba lalle ya kare daga Nd:YAG ba, sai an karanta abin da aka rubuta a jikinsa. Sannan a yi harbi da yawa a jere, ba ɗaya ba, a ga matsakaicinsu, a ga kuma yadda suke bambanta da juna, domin fitilar walƙiya da ta tsufa takan ba da matsakaici mai kyau da harbe-harbe masu tsalle. A maimaita a ƙaramar lamba da matsakaiciya da babba, kuma da kowane faɗin da'ira da ake amfani da shi, tunda kowanne da lensunansa.

Mita tana faɗin jimillar ƙarfi ne kawai, ba ta faɗin yadda ya rabu. Don haka ake harba haske a kan takardar gwaji ta musamman, a auna faɗin tabon da ya bari, a duba ko ya shimfiɗu daidai ko akwai inda ya fi ci. Na'ura za ta iya ba da jul 39 cif, amma rabinsa ya taru a tsakiya.

Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta lezojin likitanci, IEC 60601-2-22, ta yarda abin da ke fita ya bambanta da abin da aka saita da kashi 20 cikin ɗari, sama ko ƙasa. Wannan iyaka ce ta masu ƙira, kuma tana da faɗi fiye da yadda masu aiki ke zato. Na'ura biyu, kowace allonta na nuna 40, ɗaya na iya ba da 32, ɗaya 48, kuma duka biyun suna cikin ƙa'ida, alhali ta biyun ta fi ta farkon da rabi. Shi ya sa ɗauko lamba daga wani asibiti, ko daga wata na'ura ko da irinsu ɗaya, ba tare da gwajin fata ba, caca ce.

Wani zai ce ai akwai na'urorin da ke da ramin saiti a jikinsu, inda ake cusa mariƙi su auna hasken bayan ya bi duk hanya. Gaskiya ne, kuma sun fi tsare wannan matsalar. Amma su ma da tasu. Idan gilashin ramin ya yi datti, na'ura za ta ga haske ya yi ƙasa, ta ƙara wuta, fata ta sami fiye da abin da ke allo. Haka idan aka saita da gilashin baki mai datti, sannan aka sauya shi da sabo ba a sake saitawa ba.

Abin da asibitin ya sauya

Likita ta sayi mita, ta mayar da awo aikin mako-mako: lamba ɗaya tsayayya, da'ira ɗaya, a rubuta sakamako a littafin da ke rataye a jikin na'ura tare da adadin harbin da ta yi zuwa ranar. Ta sa wa asibitin iyakar da ta fi ta ƙa'ida tsauri, idan awo ya kauce da kashi 10 daga na ranar saiti a kira injiniya. Duba gilashin baki ya zama na kafin kowane mai jinya da kuma tsakiyar aiki mai tsawo, domin tokar gashi ce ke manne masa, ta sha haske, ta yi zafi, ta ci gilashin. An daina naɗe igiyar haske a matse a bayan na'ura. Bayan duk wani gyara, ko sauya igiya ko fitila ko lensi, na'ura ba ta komawa aiki sai injiniya ya faɗa wa likita da baki lambar da ya tarar da wadda ya bari, likita ta sa hannu.

Ɗaya daga cikin nas ɗin ta kawo shawara mai kama da hankali. Ta ce, "Ranki ya daɗe, tunda mun san ta rage kashi 30 ne, me zai hana mu ninka duk tsofaffin lambobi da 0.7, mu ci gaba daga nan?" Likita ta ƙi, kuma ina tare da ita. Kashi 30 awon rana ɗaya ne, ranar ƙarshe. Igiya ba ta lalace a dare ɗaya ba, kuma babu awon da aka yi a tsakani da zai nuna yadda ta gangaro, ko a hankali ko da tsalle. Lambar 42 da aka rubuta wata biyar baya tana iya zama 38 ta gaskiya, tana iya zama 33. Ga shi kuma tsohuwar igiyar ta ɓata shimfiɗar hasken, don haka ko jimillar ta yi daidai, yadda ya sauka a fata ya bambanta da na yanzu. Aka ja jan layi a kowane fayil a ranar gyara, aka rubuta cewa lambobin da ke sama da layin ba a aiki da su. Kowane mai jinya, ko da ya kusa gama zamansa, aka sake masa gwajin ɗan wuri da lambobi biyu ko uku daga ƙasa, masu duhun fata kuma aka jira aƙalla kwana biyu kafin a duba, domin ƙunar baƙar fata takan makara kafin ta bayyana. Wasu sun yi gunaguni saboda ƙarin zirga-zirga, layi ya tsawaita na 'yan makonni.

Matar da ta ƙone likita ta yi mata bayanin abin da ya faru dalla-dalla, har da shafi na biyu. Ba a sake ɗora mata leza a haɓa ba sai da launin wurin ya koma daidai da na kewaye, tunda tabo mai duhu ƙarin melanin ne, kuma zai sha haske fiye da fatar da ke gefensa. Da ta dawo aka yi mata gwaji a gefen wuya, kumburin gindin gashi ya fito a kan 34, aka ci gaba daga nan.